Baba Obadiya, Mai Tsayawa a Bayan Kujera

Kafin masu ƙosai na Tudun Wada su sauke kaskon farko, Baba Obadiya ya riga ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya nufi kwalejin da yake aiki a ɗakin karatu. Shi ke buɗe sashen kwamfutoci, ya goge teburori, ya kunna na'urorin yana sauraron wadda za ta yi gardama. Daga nan ya gwada ko rumbun mujallun bincike da ɗalibai ke shiga ta intanet zai buɗe yau. In ya ƙi, ya fara sintiri wajen masu gyara tun ɗalibai ba su iso ba. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma gaskiya mu ɗalibai hankalinmu bai kwanta ba.

Wanda bai san dalilin fargabarmu ba ya tambayi Malama Jannat, malamar firamare a Tudun Jukun. Tana hutun ƙaro karatu, tana bincike kan yadda yara ke rikicewa idan aka sauya musu harshen koyarwa daga Hausa zuwa Turanci. Ta yi abin da yawancinmu ke yi: ta kwashe taken aikinta kaf, har da sunan unguwa, ta zuba a akwatin nema. Kwamfuta ta ce babu komai. Ita kuwa baiwar Allah ta yarda, har ta rubuta a babi na biyu cewa ba wanda ya taɓa bincike a kan wannan batu. Dakta Uwais, mai duba aikinta, ya mayar mata da babin. Ya ce ko ta kawo abin da magabata suka rubuta kafin zaman kare aiki na mako mai zuwa, ko ta jira baɗi. Hutunta kuwa bana zai ƙare, kuma an riga an gaya mata ba ƙari.

Haka ta shigo wajen Baba, ido ya yi ja, ta roƙe shi ya zauna ya nemo mata.

"Malama, kujerar taki ce," in ji shi. "In na yi miki yau, ranar da ba ni nan fa?"

Ranta ya ɓaci, ba ta ɓoye ba. Mutum na cikin ruwa ana koya masa iyo! Amma Baba ya tsaya a bayanta, hannuwa a baya, kamar yadda ya saba. Ya ce ta manta da take, ta faɗa masa aikin da baki kamar gwaggonta take yi wa bayani. Da ta faɗa, sai ga abu uku kawai: harshen uwa, iya karatu, 'yan firamare. Ya sa ta lalubo duk sunayen da masana ke kiran kowanne da Turanci, ta jera su da OR a tsakani, don duk wanda aka samu ya shigo. Sannan ta ɗaure rukunan uku da AND, yadda takarda ba za ta fito ba sai ta ƙunshi dukkansu. Ta so ta sa NOT ta kori duk mai maganar sakandare. Ya bar ta ta gwada, ta ga da idonta yadda takardu masu kyau suka bi su suka ɓace, ta cire da kanta.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke. Ta zauna tana kallon baƙin allo, shi kuma ya tafi lallashin mai janareto. Da wuta ta dawo, sai da ta sake komai daga farko, kuma a nan ta lura ba ta tambaye shi komai ba.

Takardu suka fito, shafi bayan shafi. Maimakon murna, sai ta juyo wajen Baba.

"Baba, ashe an riga an yi aikina. Na shiga uku."

"Karanta su tukuna. Ki duba ko akwai wanda ya shiga aji irin naki."

Ta shafe kwanakin da suka rage tana karantawa, abinci ma sai an tuna mata. Akwai na ƙasashe da dama, akwai na kudancin ƙasar nan, amma cikin abin da ta samu ba ta ga aji irin nata ba, inda yaro ke jin Hausa a gida, Larabci a islamiyya, Turanci a allon aji. A kan wannan giɓin ta tsayar da babinta. Ranar zaman kare aikin, duk tambayar da aka jefo ta san takardar da za ta ambata. Aka ce ta ci gaba.

Baba, kai ne mai haƙurin da ɗalibi zai yi fushi da kai da safe, ya dawo da yamma ka ja masa kujera. Kai ne ba ka taɓa tambayar mutum masallaci yake zuwa ko coci kafin ka tsaya a bayansa. Tsoronmu shi ne wanda zai gaje ka ya zama mai saurin hannu, ya nemo wa ɗalibi komai cikin minti biyu, ya sallame shi bai koyi komai ba.

Sai da aka ɗinke kundin Malama Jannat ta lura ta gode wa Dakta, ta gode wa maigidanta da mai buga mata aiki, ta manta da kai. Ta zo ba da haƙuri kamar za ta yi kuka, kai kuwa tambayarta ka yi yadda yaran ajinta suke.

To, abin da shafin godiya ya tsallake, ga shi mun rubuta. Mun gode, Baba Obadiya, Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka. Ku kuma da kuka iya wani abu, in mai neman sani ya zo muku a rikice, ku daure ku ba shi kujerar.