Rabin Gwangwanin Yashi a Bututun Lawali

Ka taɓa leƙa bayan firizarka ka ga bututun da ke fitar da zafi? Ni sai da tawa ta daina daskarar da ruwa, saura kwana biyar azumi, na san da shi. Ƙanƙara nake sayarwa a Gwandu, gida ashirin da uku ke jirana lokacin buɗa-baki. Na ɗora firizar a mota sai Kalgo.

Lawali mai firji aka nuna mini. Ɗan Dodoru ne, da noman gero ya tashi, ya yi shekara bakwai yana koyon gyara a Birnin Kebbi, sha ɗaya kuma a rumfarsa. Ba ya sayen wannan bututu, da hannu yake naɗa nasa.

Ya cire tsohon, wai tsatsa ta cinye shi. Sabon kuwa, in ji shi, ba zai fi faranti faɗi ba, da ’yar fanka a baya. Hankalina bai kwanta ba. Na ja benci na zauna.

Ya yanko bututun tagulla, ya toshe bakinsa guda, ya ɗura yashi don kada ya lotse, sannan ya naɗa shi a jikin taɓarya. Gwangwanin madara huɗu na ƙirga. Da ya zazzage na ce a auna. Uku da rabi!

"Malam Lawali, ina rabin?"

"Hajiya Kubura, yashin ma sai kin ƙirga? Iska ta kwashe."

"Iskar Kalgo har cikin bututu take shiga? In yashin nan ya kai inji, ni zan tsaya gaban masu azumi da ruwan ɗumi, ba kai ba."

Ya harare ni, ya bubbuga naɗin da guntun itace, ya hura da famfon taya. Sai ga yashi shaa, gwangwani ya cika. Ya ce ai dama zai wanke cikin. Allah masani.

Ya haɗa shi, na koma gida. Awa goma sha ɗaya ruwana ya zama dutse, ban rasa gida ko ɗaya ba. Da na sake bi ta rumfarsa na ga gwangwanin rataye a ƙusa, yanzu da shi yake awo, shiga da fita.

Ya koya mini gwaji: in firiza na aiki, saman bututun zafi, ƙasansa ɗumi-ɗumi. Ni sau biyu nake taɓawa a rana. Don Allah je ka taɓa naka yau, amma ka kula da fanka.