Ciwon a Jikina, Diyyar da Sunanta

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, yau dai na ce bari in amayar da ita ko wata za ta tsira.

Shekarar da guguwar Sandy ta yi ɓarna na sauka New York daga Kumasi, bazawara mai 'ya'ya biyu da na baro wa mahaifiyata a Zango. Ba ni da takardar aiki, Turancina na kasuwa ne, amma ƙarfi kam Allah ya ba ni, ga saurin yarda da mutum. Wadda ta sauke ni a unguwar Parkchester ƙawar yayata ce tun suna yara, don haka Yaya nake ce mata. Tana da takardu, kuma ta taɓa yin rajistar aikin kula da tsofaffi a gidajensu kafin ta buɗe shagon kitso. Sai ta ce in riƙa zuwa da sunanta da katinta, ai kowa da aron suna ya fara a garin nan. Albashi ya shiga asusunta, ta cire ladan suna ta miƙo min saura. Har hawaye na yi don godiya.

Fiye da shekara ina kula da wata tsohuwa mai jiki, ina amsa sunan da ba nawa ba. Wata Talata da hantsi ina fito da ita daga wanka ƙafarta ta zame, na tare ta da dukkan jikina. Ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, ni kuwa na ji abu ya ce ƙas a ƙuguna. Da rarrafe na kai ga waya.

Yaya ce ta fara bayyana min cewa a jihar nan doka ta tilasta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshora, wanda ya ji rauni a bakin aiki a biya masa asibiti da wani kaso na albashinsa. Amma ta rantse in na kuskura na faɗi sunana na gaskiya, ita gidan yari, ni jirgin Accra. Na haddace ranar haihuwarta kamar Fatiha. Sai muka nemi diyya da sunanta, muka raba aiki: ni ce mai zuwa wurin likita a lallatsa ni, ita ce mai zuwa wurin lauya tunda ta fi ni Turanci. Baƙar mace cikin hijabi, ba wanda ya tsaya duba hoton kati da kyau. Likita ya ce ƙashin bayana ya danne jijiya, a fara da gashi da motsa jiki, in abin ya ƙi sai tiyata, ya kuma ba ni sanda da ɗamarar baya. Tiyatar nan ita na sa wa rai, don ita ce za ta mayar da ni aiki in ci gaba da riƙe 'ya'yana.

Bayan shekara biyu da 'yan watanni, wata safiya Yaya ta shigo ɗakina tana ɗingishi, wai gwiwarta ta tashi, in ara mata sandata da ɗamarar bayana za ta je wani wuri. Ni da kaina na ɗaura mata, har ina yi mata sannu. Ba a daɗe ba ta tafi Ghana, wai mahaifiyarta ba lafiya. Da na je a sa min ranar tiyata, ma'aikaciyar asibitin ta dube ni da mamaki, ta ce ai na riga na yi sulhu da kamfanin inshora, na karɓi kuɗi dunƙule, na sa hannu na yafe duk wani magani na gaba. A nan na gane inda sandata ta je ranar. Wallahi zafin da na ji a ƙirjina ya fi na bayan.

Wata lauya da ke zuwa masallacinmu taimakon mutane kyauta ta saurare ni, ta girgiza kai. Ta ce dokar diyyar nan ba ta tambayar takardar zama, ko marar takarda yana da haƙƙi. Da na sanar da wurin aikin cikin kwana talatin, na shigar da ƙara da sunana cikin shekara biyu, da akwai abin yi. Yanzu lokaci ya wuce, kuma tono maganar zai iya haɗawa da ni. Dattawan masallacin suka kira Yaya a waya, ta ce suna nata ne, kuma wa ya ba ni ɗaki da abinci? Suka ce in yi haƙuri, kada in tona asirin jama'a.

Ban wanke kaina ba, da bakina na yi ƙarya a gaban likitoci, tsoro da kara suka hana ni tambayar kowa. 'Yan uwana, abin aro ba ya rufe katara. In kun ji rauni a wurin aiki, ku nemi wanda ya san doka tun ranar, kada ku tsaya ga bakin wanda zai ci riba da shirunku. Ita tana can ta gina bene hawa biyu a Kumasi, ni hawa uku na matakalar tashar jirgin ƙasa sai na tsaya na huta. Sandar dai ta mayar min, da ita nake tafiya har yau.