Daga Azare zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, kan jakar maganin Binta

Ina tsakar gida ina tankaɗen gari bayan azahar, waya ta yi ƙara. Malam Sani ne, mijin ƙanwata Binta da ke aure a Kano. Bai tsaya gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya, sai haƙuri, Binta lokaci ya yi." Na tambaye shi wace Binta. Ya ce asmarta ce ta tashi da hantsi, kafin adaidaita sahu ya kai su asibiti rai ya yi halinsa, kuma bayan la'asar za a kai ta. Maigidana ya ce ko na tashi yanzu ba zan riski jana'iza ba, in bari gari ya waye. Na bari.

Azare zuwa Wudil

Ina idar da sallar asuba maigida ya kai ni tasha a babur. Mota ta cika kafin rana ta fito. Na samu gefen taga, na ja mayafi na rufe fuska. Mun wuce gadar Jama'are direba ya leƙo ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ko tuƙin nawa ne bai yi miki ba?" Na ce rasuwa aka yi mana. Ya kashe rediyo, bai sake kunnawa ba har Kano.

Kafin Shuwarin akwai shingen jami'an tsaro. Direba ya ce wa wanda ya leƙo, "Yallaɓai, mai zuwa gidan makoki na ɗauko." Mutumin ya dube ni, ya ce Allah ya jiƙan musulmi, ya ɗaga mana hannu. A Wudil masu talla suka yanyame mota. Wata dattijuwa da ke gefena ta sayi soyayyen kifi ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Ci, 'yar nan, zaman makoki da ciki ake yin sa." Na gutsura don kada ta ji ba daɗi.

Gyaɗi-Gyaɗi

A Unguwa Uku aka sauke mu, na hau adaidaita zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Tun daga bakin layi na hango tabarmin maza a ƙofar gida. 

Cikin gida mata sun cika. Hajiya, mahaifiyar Malam Sani, tana zaune a tsakiya da carbi. Ta rungume ni muka yi kuka tare. Ba zan ɓoye ba, ta riƙe Binta kamar 'yar da ta haifa. Da muka lafa ta ce, "Shekaranjiya ta wanke kayan gidan nan kaf, jiya ta tashi bayanta ya riƙe. Da hannuna na ba ta haɗina na ciwon ƙafa bayan ta karya kumallo. Na yi iya yina, Allah ya fi mu son ta."

Sai na tuna da Ummi, 'yar Binta ɗaya tilo, mai sunan Hajiya. Shekararta goma sha ɗaya, kuma ta gaji asmar uwarta. Na same ta a bayan ƙofa, kusa da kaskon turaren wuta da aka kunna saboda baƙi. Kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na fito. Na san wannan sauti, ɗaki ɗaya muka kwana da Binta har na yi aure.

"Ummi, ina inhelarki?"

"Tana jakar Mama, Umman Azare. Hajiya ta kulle ɗakin."

Ashe a jaka ɗaya uwa da 'ya suke ajiye abin shaƙarsu. Na ɗauke kaskon na kai bayan gida, na zaunar da yarinyar inda iska ke shigowa, sannan na durƙusa gaban Hajiya na roƙi makulli.

Ta ce, "Kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado, kin sani. Kuma wannan abin fesawar, da shi a hannunta ta tafi. Ta fesa, ta fesa, ta fesa, ina kallo. Shi ya cinye mata zuciya. Ba zan zuba ido takwarata ta bi ta ba. Ga zuma, ga man habbatussauda."

Ni dangin uwa ce, baƙuwa a gidan, ga mutane. Na haƙura. Da za ta sallame ni ta buɗe gwangwanin haɗin nan nata ta ƙulla mini ƙwayoyi a leda, ja da fari da rawaya, ta ce in sha saboda gajiyar mota. Na karɓa na gode, na ɗaure a bakin zane. Allah ya taimaka numfashin Ummi ya ɗan sassauta da yamma. A ɗakin wata maƙwabciya muka kwana, ita a jingine da filo.

Tarauni

Cikin masu ta'aziyya akwai Madam Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, ƙawar Binta, mai ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Ita ta raɗa mini in kawo yarinyar da safe. Na ce wa Hajiya za mu je gaida wata 'yar'uwa, wanda ba ƙarya ba ne sosai. Muka bi ta Darmanawa a adaidaita, Ummi ta toshe hanci da hijabi saboda hayaƙin motoci.

Likita ya saurari ƙirjinta, aka ba ta magani ta shaƙa, nan da nan fiton ya ɗauke. Madam Rifkatu ta zaunar da mu ta ajiye inhela biyu a tebur. Ta ce shuɗiyar tana sassauta jijiyoyin da suka shaƙe hanyar iska, aikinta na take-yanke ne, ita ake nema idan ciwo ya tashi. Mai ruwan ƙasa kuwa kumburin cikin hanyar take kwantarwa a hankali, kullum ake shaƙarta ko ana lafiya, a kurkure baki bayan nan. Ta ce, "Mutanenmu sai su jefar da ita su ce ba ta aiki, don ba sa jin komai a lokacin. Binta ma sai da muka yi faɗa a kanta."

Na ce Hajiya ta ce shuɗiyar ce ta kashe ta. Ta girgiza kai. "Tana sa bugun zuciya da rawar hannu, gaskiya ne. Amma wanda ruwa ya ci da igiya a hannunsa, ba igiyar ce ta nutsar da shi ba. Me ta ci, me ta sha a safiyar?"

Na kwance bakin zane na miƙa mata ledar, na ce irin wannan Hajiya ta ba ta. Ta baza ƙwayoyin a tafin hannu, ta ware biyu. Sannan ta aiki Ummi sayo ruwa.

Ta ce a jikin mutum akwai wasu sinadarai da suke kamar 'yan aike na unguwa, ba sa zuwa nesa, inda aka yi su nan suke isar da saƙo. Wasu ciwo da kumburi suke kawowa, wasu kuma matse hanyar numfashi suke yi, kuma tushensu ɗaya. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin da danginsa suna toshe hanyar masu kawo ciwo. "Kin ga idan aka rufe babban titin nan na gidan zu, duk motoci sai su kwararo cikin lungu? To a jikin wasu masu asma haka ake yi. An rufe wancan titin, sai komai ya koma wajen masu shaƙe ƙirji. Ba kowane mai asma ba, amma wanda abin ya faɗa wa, kafin awa ɗaya ko biyu ya kama shi da ƙarfi. Waɗannan biyun duk dangin asfirin ne."

Na ce, "Kenan shi ne?"

Ta ce, "Yaya, ban gani ba, ba zan rantse ba. Amma kada Ummi ta taɓa shan wannan. In kanta na ciwo, farasitamol, in ya ƙi a kawo ta."

Ta ce za ta iya ba mu sababbin inhela yanzu, amma muddin Hajiya ba ta yarda ba, ƙwacewa za ta yi.

Ranar sadakar uku

Bayan an watse na kira Malam Sani soro na faɗa masa duka. Ya dafe bango. Ya ce, "Yaya, in Hajiya ta ji wannan yanzu, gawa biyu za mu yi. Hawan jini gare ta. Ki bar ni sai bayan arba'in." Na ce to inhelar fa? Ya ce mu shiga tare.

Ban ambaci ƙwaya ba. Na ce, "Hajiya, ba gado na zo taɓawa ba. Cikin jakar nan biyu na Binta ne, biyu na Ummi, likita ya rubuta mata da sunanta. Kayan marainiya ne aka kulle cikin na mamaciya. Ina jin tsoron kada Allah ya tambaye mu."

Ta daina jan carbi. Ta dubi ɗanta, ya sunkuyar da kai. Ta dubi Ummi ta ce, "Ke takwara, ke kika kai ƙarata Azare?" Ummi ta ce, "Ni ban ce komai ba, Hajiya, ƙirjina ne ya faɗa." Tsohuwar ta yi dariyar da ta ƙare da hawaye. Ta kwance makulli daga haɓar zanenta ta ba Malam Sani, ta ce a kira maƙwabta biyu su shaida abin da aka ɗauka. Aka buɗe, aka ciro na Ummi, aka mayar da ƙofa. Ban shiga ɗakin ba, daga bakin ƙofa na hango takalmanta.

Hajiya ta ce, "Ta riƙe. Amma a gabana za ta riƙa fesawa, ina lissafi." Na ce hakan ma ya fi, musamman mai ruwan ƙasar, safe da yamma.

Komawa gida

Washegari da sassafe Ummi ta rako ni bakin titi. Na riƙe hannunta na ce duk ranar da Hajiya ta ba ta ƙwaya daga gwangwanin nan, ta karɓa ta gode, kada ta haɗiye, ta kai wa babanta. Ta ce, "Me ya sa?" Na ce ba ya jituwa da masu asma. Ta dube ni irin kallon uwarta, ba ta ƙara tambaya ba.

Na samu mota a Unguwa Uku, muka iso Azare kafin la'asar lafiya. Ina godiya ga Allah, da Madam Rifkatu, da maƙwabciyar da ta ba mu ɗaki, da duk wanda ya yi wa Binta addu'a. Allah ya jiƙanta.

An yi arba'in makon jiya. Na kira Malam Sani, ya ce Ummi lafiya lau, tana zuwa makaranta. Gwangwanin yana nan a kan tagar Hajiya, kuma har yau ba a faɗa mata ba.