Ƙwan Giwan Ruwa

Shekarar da Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana ziyara daga Yawuri, muna zaune a wani bene a unguwar Malaz, Baba yana aikin jinya a asibiti. Sanyi ya sauko Riyadh sosai, amma ta ƙi hitar lantarki ƙememe, wai wutar da ba ta hayaƙi ba wuta ba ce. Dole Baba ya sayo kasko da gawayi. Bayan magariba sai mu hau rufin bene, ni da ƙanwata Safiya, mu sa ta a tsakiya.

Hausarmu a lokacin abin tausayi ce. In ta buɗe tatsuniya, maimakon mu amsa yadda ake amsawa, sai mu ce da Larabci, "Yalla, Kaka!" Ta harare ni ta ce, "Ji mini miji, ko amsa tatsuniya bai iya ba. Na fasa auren!"

Yawancin labaranta na dariya ne. Guda ɗaya ne ta ba mu ba tare da ta kalle mu ba.

Ta ce akwai wani tafki da ke ciyar da gari guda. Dokarsa ɗaya ce: da damina ta faɗi, kifi ya ɗauki ƙwai, Sarkin Ruwa yakan rufe ruwa, ba taru, ba ƙugiya, sai ya buɗe. To akwai wani masunci, Ɗanjuma, matarsa na da cikin fari. Kwaɗayin ƙwan kifi ya kama ta, ba ta ci, ba ta barci, kullum tana yi masa mita. Da ya gaji, ya saci jiki da asuba ya jefa taru, ya jawo giwan ruwa mace, cikinta ya yi tsam da ƙwai. Kifin bai yi ko motsi ba, ido kawai ya zuba masa, ido fari kamar gilashi. Sai ya ji murya daga ƙarƙashin jirgi: "Ɗanjuma, ita ma mai ciki ce." Ya toshe kunne ya kai gida. Matar ta soya ƙwan ta cinye.

Aka haifi yaro kyakkyawa, amma bai yi kuka ba. Sai dai ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe. Ba ya samun natsuwa sai an sa shi cikin kwanon wanka. Da ya fara tafiya, duk inda aka ajiye shi bakin tafki yake nufa. Uwar ta ɗaura masa 'yar ƙararrawa a ƙafa, ta daina zuwa kasuwa, ta daina zuwa biki, aikinta kawai sauraro.

"Wata damina," in ji Kaka, "ta shiga ɗaki ɗauko gishiri. Gishiri kawai. Da ta fito, tsakar gida shiru."

Sawunsa suka bi har bakin ruwa. Ba a ga gawa ba. Amma masunta sun ce duk lokacin da aka rufe tafkin, in ka kasa kunne, za ka ji ƙararrawa tana yawo a ƙasan ruwa.

Na tsorata ƙwarai, na manne da ita. Safiya ta ce, "Kaka, matar fa? Mafi hukunci?" Larabci ta haɗa, wato babu hukunci?

Kaka ta daɗe tana tona gawayi. "Ta rayu," ta ce. Ba ta rufe tatsuniyar ba, ta ce mu sauka.

Na girma ina ɗaukar labarin a matsayin dabarar mutanen da, a tsorata masunta su bar kifi ya hayayyafa. Ko da na ji abokan aiki suna gunaguni an hana kamun jatan lande har wani lokaci, nakan ce musu mu ma muna da irin wannan, har da aljani mai gadi.

Bayan rasuwar Kaka, muna cikin mota da Baba a hanyar unguwar Naseem, na ba shi labarin ina dariya. Ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Yaron nan, sunansa Haruna," ya ce. "Yayana ne. Kurma ne kawai, kuma yara na faɗawa ruwa. Na gaya mata har na gaji."

Har yau abin yana ci mini rai. Duk rayuwarta Kaka ta yarda ita ta sayar da ɗanta da kwanon abinci ɗaya, kuma da ta tashi faɗa, sai ta zaɓi yara biyu da ba su gama jin Hausa ba.