Kiran Juma'a a Wayar Goggo Saudatu

Duk Ƙofar Wambai an san Goggo Saudatu da abu biyu: masarta, da ƙiyayyar da take yi wa inji. Tun tana amarya take suyar masa a zauren gidansu, kuma har furfura ta cika mata kai ba ta taɓa kai shinkafa injin markaɗe ba, a turmi take dakawa. Ranar da aka kai ta banki ta ga bango yana aman kuɗi, tofa addu'a ta yi ta juyo gida a ƙafa. "Abin da bai san kunya ba," in ji ta, "ba a ba shi amana."

Ita kuwa kunya har ta yi mata yawa. Nasiruddeen ɗanta ne na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Shi ma haka ya tashi, magana ɗaya biyu ya miƙe. Da ya tafi Aljeriya aikin gini, kiran da yake yi duk Juma'a bai wuce "Kuna lafiya? To, a gaida gida" ba.

Ana nan sai hawan jini ya kwantar da Goggo, likita ya ja kunnen 'yarta Ni'ima cewa kada a kuskura a gaya mata abin tashin hankali. A lokacin kiran ya yanke. Da ta samu sauƙi sai kiran ya dawo, amma yaro ya canza. Yanzu yana tambayar ciwon ƙafarta, yana sauraron labarin maƙwabta ba ya gajiya, har dariya yake yi. Goggo ta ce duniya ce ta koya masa hankali. A zuci kuwa daɗi ne ya cika ta, don ta daɗe tana son hira da ɗanta, kunya ta hana.

Wata Juma'a ta aiki Ni'ima waje, ta ja labule, ta kara wayar a kunne. Ta ce, "Nasiruddeen, Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Goggo," muryar ta amsa.

Ranar ta yi kuka, ta kuma raba masar da ta soya kyauta, har masu saye suna tambayar ko biki ake yi.

Bayan sallar wata Juma'ar wani baƙo ya yi sallama riƙe da jaka. Ikrima ne, abokin aikin Nasiruddeen, jiya ya sauka daga Aljeriya. Ya durƙusa ya ce, "Goggo, ya haƙuri?"

"Haƙurin me, ɗan nan?"

Ikrima ya dubi Ni'ima, ita kuma ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Na Nasiruddeen mana. Tun kafin azumi gini ya rufto masa. Da hannuna na yi masa wanka."

Bai rufe baki ba wayar ta yi ƙara a kan tabarma. Ni'ima ta kai hannu, Goggo ta riga ta. Muryar Nasiruddeen ta fito sarai.

"Salamu alaikum, Goggo. Ya ƙafar?"

Ikrima ya zabura har kansa ya bugi ƙofa. "A'uzu billahi! Wallahi ni na saka shi a kabari!" Ya fita a guje, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Ni'ima ta zube tana kuka, ta fayyace komai. Saƙonnin muryar yayanta ta kwasa ta kai wa Bolaji mai gyaran waya a kasuwar Wunti, shi kuma ya zuba su a wata manhaja mai koyon muryar mutum. Manhajar ce ke kira, ita ke amsawa, ita ke dariya. "Likita ne ya ce kada a gaya miki, Goggo. Tsoro na ji kada in rasa ku biyu."

Goggo ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallon wayar da ke hannunta. Watanni tana roƙon Allah ya dawo da shi lafiya, alhali yana kwance yana jiran a nema masa gafara. Ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba, ko "Allah ya jiƙansa" bai samu daga bakin uwarsa ba.

"Goggo, kin yi shiru," wayar ta ce a tausashe. "Lafiya dai?"

"Kai wane ne?"

"Ni ne mana, ɗanki."

Mai maganar ko gezau bai yi ba, ko muryarsa ba ta yi rawa ba. Goggo ta kife wayar a ƙasa, ta jawo jakar kayan ɗanta da Ikrima ya bari, ta zaro hularsa ta ɗora a cinya.

"Jiƙa shinkafa," ta ce wa Ni'ima. "Gobe masar sadaka za mu soya."

Ni'ima ta miƙe. Har ta kai bakin ƙofa ta ji uwarta tana magana, ba da ita ba.

"Sau ɗaya na kira sunansa a duniya. Ashe bai ji ba."