Makahon da Ya Ɓalle Murfin Sulalla

A shagon da ake sayar da sulallan ajiye tarihi, na tarar da wani dattijo makaho yana tsaye, sandarsa a hammata, yatsunsa duk tabon ƙuna. Ina jin maƙerin azurfa ne kafin idanunsa su tafi. Ya sayi jerin sulalla guda a cikin akwati mai murfin gilashi, yana lalubar bakin murfin da farce.

"Baba, kada ka buɗe!" in ji mai shagon. "Hannu na taɓa su, ko rabin kuɗinka ba za ka maido ba."

Dattijon ya ɓalle murfin. Yana shafa hoton tsuntsun da ke kan sulen farko, gashi bayan gashi. Duk muka zuba masa ido.

"Ɗana," ya ce yana murmushi, "ni ma ai kallo nake."