Malam Iro da jan bironsa

Duk wanda ya taɓa aika wa Malam Iro saƙon waya da Turanci ya san abin da ke biyo baya. Sai ya buga saƙon a takarda, ya bi shi da jan biro, ya ba da maki, ya aiko maka ta gidan waya. Daga Largo zuwa Largo fa, gari ɗaya muke zaune a nan ƙasar waje! Ni uku bisa goma na samu ranar da na sanar da shi matata ta haihu. A ƙasa ya rubuta: "Barka. A sake rubutawa."

Na ce, "Haba Malam, yanzu kowa a gajarce yake rubutu."

Ya ce, "Bature ya yi shekaru aru-aru yana gina harshensa, jikokinsa sun rushe shi da babban yatsa. Ni da na sha bulala a kansa a Katsina, ba zan taya su ba."

Mun daɗe a tebur ɗaya muna fassara labarai a gidan rediyo. Rigimarsa mafi tsawo ita ce ta sunan da za a kira maza masu son maza in labarinsu ya zo. Wannan ya ce 'yan luwaɗi, wancan ya ce 'yan daudu. Malam ya daki tebur: "Na farko hukunci ne, waye alƙali a nan? Na biyu kuma wasu mutane ne daban, je tasha ka sayi tuwonsu. Labarai muke karantawa, ba huɗuba ba!"

Abokinmu Bazindare ya ce, "To Malam, me za mu ce? Saura minti biyar!"

"Ku ce mutane, sannan ku faɗi abin da ya same su."

Edita ya soke, Malam ya mayar. Wata uku ba su gaisa ba.

Muka riƙa tsokanarsa da lauyan da ba a ɗauka ba. Alhali dukanmu mun san Kabiru, ɗansa tilo, ma'aikacin jinya, yana zaune da wani namiji a garin Takoma Park, kusa da mu. Mun kuma san Malam ya shekara shida bai yi masa magana ba. Mutumin da ya hana a zagi bare a rediyo, nasa ɗan "wancan" yake ce masa.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. "Malam, Kabiru ya ce ya sha rubuto maka."

"Na gani. Ba ya sa aya."

"Ka amsa?"

Ya ce shayina zai huce.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, na ce, "In kira Kabiru?" Ya ce, "Bari in samu abin da zan faɗa masa tukuna. Ba na son in yi kuskure." Kwana huɗu yana nema. Ran Alhamis ya cika.

A maƙabarta Kabiru ya tsaya can baya shi kaɗai. Mu masu tarbiyya, da ba gaisuwar da ba mu iya ba, muka bi layi muka wuce shi, muka je muka yi wa ƙanin Malam ta'aziyya. Har da ni.

Allah ya jiƙan Malam Iro, ya yafe masa jinkirinsa. Allah ya ba Kabiru haƙurin rashin uba karo na biyu. Mu da muka rage kuma, Allah ya buɗe bakinmu tun da sauran numfashi.